Tantin Mutum Takwas

Ni tela ne, ɗan tela, daga Tudun Wada.
Shekara talatin ina auna kafaɗun Zazzagawa,
ban taɓa auna rigar da gida guda zai shiga ba
sai da yara suka tasa ni gaba:
wai in an ba da hutu, sai mun kwana a gindin Kufena.

Ran Asabar na shiga Sabon Gari, tef a wuya.
Barau mai tanti ya baje haja kamar shanyar barkono,
kore, ruwan goro, shuɗi mai ƙofa biyu,
har da wanda in ka cilla shi sama yake buɗe kansa
ya diro bisa ƙafafunsa kamar kyanwa.
Nafi'u ya daka tsalle: "Baba, wannan!"
Na ce, yaro, abin da ya fito da garaje,
tambayi mai shi yadda yake komawa jaka.
Barau ya yi ta murɗa, gumi na ɗiga daga haɓarsa,
har mai rake ya ajiye wuƙa ya zo kallo.

A jikin babban an rubuta: mutum takwas.
Waɗanne irin mutane?
Takwas a jere kamar raken can a baro,
ba mai juyi, ba jaka, ba buta?
Wanda ya yi lissafin bai san Ladidi ba,
mai tafiyar kwana ɗaya da kular tuwo uku.
Bai san Zulai na barci kamar hannun agogo ba.
Na tuɓe takalmi, na shiga, na miƙe a tsakiyar kasuwa,
na ce mu shida ne, kawo na goma.

Sai na koma sana'ata.
Na juya cikinsa waje, na bi ɗinkin da farce,
don inda allura ta wuce, nan ruwa ke yin sallama.
Zif na ja sau bakwai, sama da ƙasa;
na farko ya ciji yadi, na ture shi gefe.
Sanduna na lanƙwasa a gwiwa.
Turaku na jinjina a tafin hannu:
waɗannan siraran, tsandaurin Kufena zai mai da su ƙugiya.
Na ari butar Barau na kwarara wa tantin a ka,
Zulai daga ciki tana ihu: "Bai zubo ba!"
Ga raga saboda sauro, ga taga saboda iska,
ga labule a tsakiya, mata nan, maza can.

Ciniki ya kai mu kiran La'asar.
Albarka, in ji shi. Na juya. Ya kira ni.

Daren nan muka kafa shi a tsakar gida don gwaji,
tsakanin rijiya da turken akuya.
Inna Kande ta zagaya shi da sandarta, ta taɓe baki:
"Kakanku shekara bakwai yana tarin kuɗin kwano
don kada jikokinsa su kwana a bukka.
Yau ga bukka an sayo, kuɗin masara buhu huɗu."

Tsakar dare hadari ya haɗo daga gabas,
ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Na kwanta ina sauraron ɗinkin wani tela
da ban san sunansa ba, ban san garinsu ba,
ina jiran ɗigo a goshi.
Bai zo ba.

Can sai zif ya yi ƙara, tocila ta leƙo.
Inna ce, tabarma a hammata.
"Ɗakina na yoyo," ta ce. "Ku matsa."
Muka zama bakwai, har da sauran wuri.

Da safe yara na tambayar yaushe ne tafiya.
Na ce dutsen yana nan, ba ya zuwa ko'ina.
Na ari tsani a maƙwabta
na hau kwanon Inna.